Jiragen ƙasan ONCF daga Tanja zuwa Jadida: sun ishi mai son sanin gaɓar Maroko kafin ya tare?

Wanda ya samu gurbin karatu ko aiki a Maroko, ko yake shirin kafa kasuwanci a can, yawanci gari ɗaya ya sani, wanda ke rubuce a takardarsa. Yana sauka sai ya kama haya a makon farko, ya zube kuɗin wata biyu, daga baya ya gane cewa da ya matsa tasha uku gaba, da ya samu ɗaki mafi araha kuma marar laima. Maganin wannan shi ne a yi zuwan leƙe na kwana 10 zuwa 14 kafin a kwaso kaya. Abin hawan da ya dace da wannan zagaye shi ne jirgin ƙasa na ONCF, hukumar jiragen ƙasa ta Maroko, domin manyan garuruwan gaɓar Tekun Atilantika, daga Tanja a arewa har Jadida, tafiyar sama da kilomita 400, a jere suke kan dogo kamar ƙwayoyin carbi. A wannan tsakanin jirgin ya biya kuɗinsa har da gyara. Daga Jadida zuwa kudu kuwa, sai a hankali.

Jirage iri uku ne ke bin wannan hanya, kuma wanda bai bambance su ba tun a tagar sayen tikiti zai fara asara.

Na farko shi ne Al Boraq, mai gudun tsiya, wanda aka ƙaddamar a watan Nuwamba na 2018. Kamfanin Alstom na Faransa ne ya ƙera shi, bene ne hawa biyu, yana ɗaukar fasinja 533. Tsakanin Tanja da Kenitra yana kai kilomita 320 a awa, daga nan sai ya hau tsohon dogo ya rage gudu. Tasha huɗu kawai yake tsayawa: Tanger-Ville, Kenitra, Rabat-Agdal da Casa-Voyageurs. Tanja zuwa Rabat awa ɗaya da minti 20, zuwa Kasabalanka awa biyu da minti 10, alhali a da sai an yi kusan awa biyar. Kusan kowace awa akwai mai tashi, tun sassafe har wajen ƙarfe tara na dare. Yana da tsabta, na'urar sanyinsa na aiki, akwai wurin cajin waya, akwai taragon shayi, kuma shi ne ya fi sauran cika alƙawarin lokaci. Aibinsa ga mai zuwa leƙe shi ne bai nuna wa mutum komai. Ba ya tsayawa a Asila, ba ya tsayawa a Laraish, teku ma sai ɗan hange jefi-jefi, kuma fasinjojinsa kowa ya sunkuya kan waya ko kwamfuta. Jirgin mai sauri ne, ba na mai koyo ba.

Na biyu Al Atlas, jiragen dogon zango da ke haɗa Tanja, Fas, Rabat, Kasabalanka da Marrakesh. Yawancin taragonsa ɗaki-ɗaki ne: kujera shida a aji na ɗaya, takwas a aji na biyu, ana fuskantar juna gwiwa da gwiwa. Akwai lambar tarago da ta kujera a jikin tikiti. Na uku kuma TNR, jirgin jeka-ka-dawo na ma'aikata da ɗalibai, wanda ke zirga-zirga tsakanin Casa-Port, Muhammadiyya, Rabat, Sale da Kenitra, kusan kowane rabin awa a lokutan cunkoso. A aji na biyu na wannan, wanda ya riga shi ke zama. Da safe da kuma bayan la'asar tsayuwa ake yi har bakin ƙofa.

Ra'ayinmu shi ne a hau Al Boraq sau ɗaya kawai, ranar da za a haura Tanja, sannan a gangaro kudu tasha-tasha a aji na biyu na sauran biyun. A ɗakin mutum takwas ne za a miƙo maka burodi ko lemo, a tambaye ka ƙasarku, wata dattijuwa ta sa ka sauko mata da jaka ta sa maka albarka, ka ji yadda ake ce wa baƙo "khuya", wato ɗan'uwana, dattijo kuma "al-haj". Ƙin karɓar abin da aka miƙo bai yi kyau ba. A ɗan gutsura a ce "barakallahu fik". In kai ma ka buɗe ledarka, ka zagaya da ita.

Batun tikiti

Kuɗin Al Boraq ba tsayayye ba ne, yana hawa yana sauka gwargwadon ranar da aka saya da cikar jirgi. Lokacin da aka buɗe shi, aji na biyu daga Tanja zuwa Kasabalanka yana tsakanin dirhami 149 da 224. Yanzu a ɗauki wannan a matsayin ma'auni kawai. Saye da kwana biyu ko uku kafin tafiya ya fi sauƙi, kuma yammacin Juma'a da na Lahadi su ne mafi tsada da saurin cika. Kasabalanka zuwa Rabat a TNR wajen dirhami 40 ne. Yuro ɗaya na kai dirhami 10 zuwa 11, sai kowa ya lissafa da nairarsa ko sefarsa.

Ana sayarwa a intanet, amma nan ne ake yawan cijewa: shafin kan ƙi karɓar katin bankin waje, ga shi katin naira ma yana da nasa takunkumin. Kada a ɓata dare ana gwadawa. Tagar tasha na karɓar tsabar kuɗi, kuma ana iya sayen tikitin kwanaki masu zuwa gaba ɗaya a taga guda. A rubuta sunan tasha da rana da lokaci a takarda a miƙa, domin mai sayarwa Darija, wato Larabcin Maroko, da Faransanci yake ji, Ingilishi sai an dace. A riƙe tikitin har a fita daga tasha, ana dubawa wajen shiga dandamali da kuma cikin jirgi. Tikiti mafi araha sau da yawa yana da sharaɗi wajen canji ko mayar da kuɗi, a tambaya kafin a biya.

Kuskuren da ya fi kowane yawa shi ne na sunan tasha. Kasabalanka na da manya biyu. Casa-Voyageurs ita ce ta Al Boraq da jiragen nesa, tana kan layin taragon cikin gari. Casa-Port kuma tana bakin tashar jiragen ruwa, dab da tsohon gari da tsakiyar birni, daga nan TNR ke tashi. Tsakaninsu tafiyar tasi ce, ba ta ƙafa da jaka ba. Rabat ma biyu: Rabat-Ville a tsakiyar birni kusa da majalisa, da Rabat-Agdal a unguwar ɗalibai da ma'aikata. Al Boraq bai tsayawa a Rabat-Ville. Sale ita ma tana da Salé-Ville da Salé-Tabriquet. Mutum ya tsaya a tashar da ba ita ba yana jiran jirgin da ba zai zo ba, tikitinsa ya mutu, abu ne da ke faruwa kullum.

Jirgin sama na Royal Air Maroc daga Legas, Abuja ko Yamai a filin Muhammad na Biyar yake sauka. Tashar jirgin ƙasa na ƙarƙashin ginin filin, kuma cikin kusan rabin awa za a kai Casa-Voyageurs a kan kuɗin da bai kai rubu'in na tasi ba. Kafin a sauka ƙasa a sayi layin waya na Maroc Telecom, Orange ko inwi da fasfo. In an sayi katin waya, a ƙara *3 a ƙarshen lambar, shi ke mayar da kuɗin na intanet. In an manta, kira zai cinye shi.

Inda hidimar ke da rauni

Galibin tashoshi ba su da wurin ajiyar kaya. Wannan babban cikas ne ga mai son ya sauka Asila da safe ya wuce da yamma. Dabarar ita ce a bar babban akwati a masauki ɗaya a Rabat ko Kasabalanka, a yi zagayen da 'yar jakar goyo. Al Atlas kan makara, wani lokaci minti 20, wani lokaci fiye, saboda haka kada a bar ƙasa da minti 40 tsakanin jirgi da jirgi, ranar komawa filin jirgin sama kuwa a ƙara awa guda a kan lissafi. A tsofaffin taragu na'urar sanyi kan mutu da rani, bayan gida kuma kan rasa ruwa. Gorar ruwa a jaka tana rufa asiri. Manyan tashoshi na da ɗakin salla da wurin alwala, amma cikin jirgi babu, sai a tsara tafiya tsakanin salloli ko a yi aiki da rangwamen matafiyi. Ƙananan tashoshi ba kullum ake jin sanarwarsu ba, jirgin kuma minti biyu yake yi ya wuce, don haka a kunna taswirar waya.

Tun watan Afrilu na 2025 aka ƙaddamar da aikin miƙa dogon mai gudu daga Kenitra zuwa Marrakesh, kilomita 430, saboda gasar cin kofin duniya ta 2030. Aikin na sa ana sauya jadawali, jadawalin da aka gani a wani shafi wata shida da suka wuce ba abin dogaro ba ne. Haka kuma agogo: a 2018 Maroko ta koma daidai da lokacin Najeriya da Nijar, tana mayar da shi baya da awa ɗaya a watan azumi, waya kuma ba kullum take gyara kanta daidai ba. Agogon tasha shi ne alƙali.

Makon babbar salla kada ma a fara. Jirage cike suke kwanaki kafin salla, bayanta kuma shaguna da gidajen abinci da yawa a rufe har kusan mako.

Garuruwan, da abin da ya kamata a gwada a kowanne

Tanja, mahaifar Ibn Battuta a 1304, tana kallon Sifen da ke tsallaken ruwa. Gari ne na masana'antu yanzu, ga tashar ruwa ta Tanger Med da ta fara aiki a 2007, ga masana'antar motocin Renault, kuma haya ta yi tsada daidai da haka. Tashar jirgi na da nisan kusan kilomita 3 daga tsohon gari. A nan Sifaniyanci na shiga magana fiye da yadda ake ji a Rabat. Abin da baƙar fata ya kamata ya sani tun daga gida: saboda masu ƙoƙarin tsallakawa Turai, binciken takardu ya fi tsanani a arewa, wasu masu gida kuma kan yi ɗari-ɗari da ɗan Afirka ta Yamma. Fasfo mai hatimin shiga ya kasance a jiki ko da yaushe, a haɗa da takardar makaranta ko ta wurin aiki. Lambar da jami'in shige da fice ya sa a fasfo ita ake cikewa a takardar kowane otal. Iskar gabas da suke kira sharƙi kan kaɗa kwanaki a jere. Mai ciwon kai ko asma ya kwana biyu ya ji yadda jikinsa zai karɓe ta.

Asila tafiyar kusan minti 40 ce daga Tanja a tsohon dogo, jiragen kuma ba su da yawa a rana, a duba na komawa kafin a sauka. Tashar na wajen gari. Ganuwar da Turawan Fotugal suka gina bayan sun ci garin a 1471 tana nan, farin fenti da zane-zanen bango na bikin al'adun da ake yi tun 1978 suna ɗaukar ido. Wuni ɗaya ya isa. Garin hutu ne, aikin yi kaɗan ne.

Kenitra ba ta da kyan hoto, shi ya sa masu yawon buɗe ido ke wuce ta, kuma shi ya sa mai neman wurin zama ya kamata ya tsaya. Tana bakin kogin Sebu, bakin teku na Mahdiyya na kusa, tana da jami'ar Ibn Tofail, kuma rabin awa ne zuwa Rabat a TNR. Mutane da yawa na kwana nan suna aiki a babban birni saboda sauƙin haya. Gwajin da ya dace: a kwana a Kenitra, a hau jirgin ƙarfe bakwai na safe ranar aiki, a ga ko za a iya wannan kullum.

Rabat da Sale kogin Bu Ragrag ne ya raba su. Rabat na da ma'aikatu, ofisoshin jakadanci, jami'ar Muhammad na Biyar, da cibiyar horar da limamai ta Muhammad na Shida da aka buɗe a 2015, wadda ɗaliban Najeriya ke cikin masu zuwa. Sale ta fi araha, ta fi cunkoso, ta fi riƙon al'ada. Taragon cikin gari, wanda ya fara aiki a 2011, ya haɗa su a kan kuɗin da bai kai dirhami 10 ba, har zuwa unguwar jami'o'i ta Madinat al-Irfan. Ƙaramar tasi shuɗiya ta Rabat ba ta tsallaka gada zuwa Sale, doka ce, ba rowar direba ba. Mutum uku take ɗauka, tana da mita, da dare ana ƙara rabin kuɗin, kuma direba zai iya ɗaukar wani fasinja a hanya. Babbar tasi ita ke fita gari, mutum shida, kowa da kuɗin kujerarsa. A ba Rabat da Sale kwana uku aƙalla. Hasumiyar Hassan da tsohuwar ganuwar Udaya awa biyu sun ishe su. Sauran lokacin a kashe shi a unguwannin da za a iya biyan hayarsu, da safe da kuma bayan isha'i.

Kasabalanka ta ɗan kasuwa ce. Derb Omar don sari, Derb Ghallef don waya da kayan lantarki, kasuwar da ake kira ta Sanagal kusa da Bab Marrakesh don barkono, manja, busasshen kifi da kitso. Tasinta ja ce. Masallacin Hassan na Biyu, wanda aka kammala a 1993, wani sashensa a kan ruwa yake. A riƙe waya da kyau a bakin titi, masu fizge a babur ba labari ba ne. Jadida kuma awa ɗaya da rabi ce daga nan, tashar na da ɗan nisa daga gari, tsohuwar ganuwar Mazagan, sunan garin na da, wadda Fotugal suka bari a 1769, na cikin jerin wuraren tarihi na UNESCO tun 2004. Tana da jami'ar Shu'aib Dukkali, rayuwa na da sauƙi, kifin sadin araha.

Harshe, kuɗi da haya

Wanda ya yi Larabcin makaranta za a gane shi in ya yi magana, amma amsar da za a ba shi ba lalle ya gane ba. Darija na haɗiye wasula, ta cakuɗa da Faransanci da Tamazight, harshen Barbar. Kifi "hut" ne, biyu "juj", yanzu "daba", nawa "bshhal", ya yi yawa "bizzaf", to "wakha", shi ke nan "safi". In aka ji "balak" a lungun tsohon gari a matsa gefe, amalanke ne ko jaki ke tafe. Ɗan Nijar mai Faransanci ya fi ɗan Najeriya samun sauƙi a ofis da banki, wannan ba a musu.

Lissafin kuɗi ya fi harshe rikita baƙo. A kasuwannin Kasabalanka da Rabat da kewaye ana ƙirga da riyal, dirhami ɗaya riyal 20 ne, don haka in mai tumatir ya ce 200, dirhami 10 yake nufi. A maganar haya da ciniki babba kuma da santim ake ƙirga, dirhami ɗaya santim 100: "miliyan" ɗaya dirhami 10,000 ne. A ce a rubuta adadin da dirhami a waya kafin a amsa.

Dillalin gida "samsar" ake ce masa, yawanci a gidan shayin unguwa ake samunsa, yana da la'adarsa, mai gida kuma na karɓar ajiyar wata ɗaya ban da kuɗin watan farko. A zagayen leƙe kallo kawai za a yi, kada a ba da kafin alƙalami. Abu uku za a duba. Na farko laima: sanyin gaɓa daga Nuwamba zuwa Maris ba irin hunturunmu busasshe ba ne, jiƙaƙƙe ne, gidaje ba su da abin ɗumama ɗaki, wanki na kwana biyu bai bushe ba. A ja kabad a leƙa bayansa, a duba kusurwar rufi ko akwai baƙin fumfuna, a shinshina. Sabon fenti a bango ɗaya tak alama ce ta ɓoye. Ɗakin da rana ke shiga ya fi na ƙasa mai fuskantar teku. Na biyu na'urar ɗumama ruwan wanka mai aiki da tukunyar gas: in tana cikin banɗaki ko kicin marar taga, a bar gidan, hayaƙinta marar wari na kashe mutane kowace shekara da sanyi. Na uku, a garuruwan hutu irin Asila, Jadida da Tanja wasu masu gida na ba ɗalibai haya daga Satumba zuwa Yuni ne kawai, su fitar da su don masu hutun Yuli da Agusta da ke biya kwana-kwana. Saboda haka ma zuwan leƙe a Agusta yaudara ne, ba za a ga laima ba, kuma farashin da za a ji ba na gaskiya ba ne. Fabrairu ko Nuwamba sun fi faɗin gaskiya.

A tambayi mai gida tun farko ko zai sa hannu a yarjejeniyar haya a kai ofishin gunduma, "muƙaɗa'a", a buga mata hatimi. Ba tare da ita ba, neman katin izinin zama a ofishin 'yan sanda zai tsaya, kuma ana so a shigar da takardun kafin kwana 90 na shigowa su cika. Ɗan Najeriya na bukatar biza tun daga gida. Ɗan Nijar ya daɗe yana cikin waɗanda aka ɗauke wa, amma ya tabbatar a ofishin jakadanci kafin ya sayi tikiti. Dirhami ba kuɗin fita da shi ba ne, a canza kaɗan-kaɗan a riƙe rasit.

A masallaci kuwa Bahaushe zai ji kamar gida: Malikiyya ce, ƙira'ar Warsh ce, Alƙur'anin da ke kan kanta ma fa'unsa ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙafunsa ɗigo ɗaya a sama, irin na allo. Bayan asuba da magariba ana karanta hizifi ɗaya a jam'i da murya ɗaya. Yawancin masallatai ana rufe su tsakanin salloli, ba wurin kishingiɗa ba ne da rana. Ranar Juma'a ranar aiki ce, hutu Asabar da Lahadi, amma shagunan tsohon gari na rufewa da azahar a tafi cin kuskus. In an gayyace ka, akushi ɗaya ne, ka ci gabanka, naman da ke tsakiya mai gida ne ke rabawa. Gidan wankan unguwa, hammam, maza da mata daban, ana zuwa da bokiti da baƙin sabulun zaitun mai kama da sabulun salo. Da sanyi shi ne wurin da jiki ke ɗumi.

Teku kuma ba kududdufi ba ne. Ruwan na da sanyi ko da rani, yana da igiyar da ke ja ciki. Wanda bai iya iyo ba ya tsaya iya gwiwa, inda masu ceto suke.

Bayan Jadida

A nan dogon fasinja na gaɓa ya tsaya. Safi, garin tukwane da sadin, ana zuwa da jirgi amma sai an zagaya ta Bin Garir a cikin ƙasa, jiragen kuma kaɗan ne. Sawira da Agadir ba su da dogo sam. Sai a je Marrakesh a hau bas ɗin Supratours, wanda na ONCF ne kuma tasharsa na gefen ta jirgi, kusan awa uku zuwa Sawira. Kujerun kan ƙare da wuri, ana biyan ɗan kuɗin kaya daban a manna musu lamba. Sawira ta cancanci wahalar ga mai kwana biyu a hannu. Sarki Sidi Muhammad bin Abdullahi ne ya gina ta a shekarun 1760, ta zama mafitar kayan ayarin Timbuktu, kuma cibiya ce ta kiɗan Gnawa, na jikokin bayin da aka kawo daga ƙasashenmu, waɗanda waƙoƙinsu har yau ke ambaton Bambara da Fulani da Hausa. Amma iskarta ba ta hutawa, aikin yi kuma kusan duk na baƙi masu yawo ne. Wanda takardarsa ta ce Agadir, ya sani cewa bas ne abin hawansa, na kamfanin CTM ko Supratours, kuma daga Marrakesh ya ware wa hanyar awa uku zuwa huɗu.